Zoben Alkama Mai Giɓi

A Wedcot, idan ka hangi filin ciyawa an yanke shi tas amma an bar wani ɗan tsibiri a tsaye kamar tukku a kan yaro, ba sai ka tambaya ba, aikin Cyril Maslen ne. Tun yana saurayi yake tuƙa tarakta a gonar gidan Pocock, kuma tun daga lokacin, in ya ga makwarwa ta kwanta a kan ƙwai a gabansa, sai ya karkata ya kewaye ta. Tsoho Pocock, mai gonar, ya yi faɗa har ya gaji.

"Cyril, yankan ciyawa na ɗauke ka ko renon tsuntsaye?"

Shi kuwa sai ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ta riga mu zuwa."

Washegari ya sake. Hali zanen dutse. Da aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka sa wa abin suna tukkun Cyril aka ƙyale shi.

Tukkun nan ne ma ya samo masa mata. Maud, 'yar mai gasa burodin garinmu, ta biyo ta gefen gona a kan kekenta, sai ta ga ƙato guda ya sauko daga tarakta ya durƙusa a cikin ciyawa yana ba tsuntsuwa haƙuri. Ta ce a ranta, mutumin da ke ba makwarwa haƙuri ba zai yi wuyar zama ba. Bayan sun shekara da shekaru tare takan ce, "Ashe cutata aka yi. Makwarwa kaɗai yake ba haƙuri." Allah bai ba su haihuwa ba. Suka zauna su biyu a ɗan gidansu na ƙarshen layi, wanda tagar ɗakin kwanansa ke kallon gonar tudu.

Abu ɗaya ne Cyril ba ya ɗauka da wasa, shi ne alkama. Ya tashi lokacin yaƙi, sa'ad da ake auna wa kowane gida abincinsa, ya bi uwarsa kala a bayan masu girbi suna tsintar zangarniya ɗaya ɗaya. A wurinsa wanda ya taka alkama ya taka burodi. Yaran garinmu duk sun san haka, don babu wanda kunnensa bai taɓa shan murɗa ba.

To, ka ji mutumin da zobba suka zo suka samu.

Na farko da safe aka wayi gari da shi a gonar tudu. Alkama ta kwanta luf a da'ira, karanta duk sun bi hannu ɗaya kamar an taje su, babu sawu, babu komai. Kafin azahar gari ya cika da masana. Wani ya ce guguwa ce ta sauka ta juya a wuri ɗaya. Wani ya ce jiragen sojojin da ke atisaye a bayan tudu ne. Mai mashayarmu ya rantse bushiyoyi ne ke zagayen neman aure. Tsofaffin mata suka tuna da zancen kakanninsu, na aljanun da ke rawa su bar zobe a ciyawa, wanda ya shiga bai nemi izini ba ya ɗauko wa kansa. Daga baya baƙi suka iso daga birni da wata sabuwa, wai wasu halittu ne daga taurari suke rubuto mana saƙo.

Shekarun da suka biyo baya, Allah sarki, Wedcot ta ga duniya. Kowace bazara zobe ya haifi zobba, wasu da wutsiya, wasu kamar mabuɗi, wasu kamar fure. Motoci har bakin coci. Masu dogon gashi da 'yan ganguna, masu sandunan ƙarfe na neman ruwa, masu kyamara daga ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Matan gari suka yi ta gasa kek suna dafa shayi, mashaya ba masaka tsinke. Masu cewa an dame mu a lokacin, yau su ne kan gaba wajen kewar abin. Ni dai ban ga laifin garin da ya yi dariya ba.

Cyril bai yi dariya ba. Shi ke hawa injin girbi, shi ya san wahalar ɗago alkamar da aka tattake, ya san kuma wadda ke ruɓewa a ƙasa ba ta tasowa.

"Aikin 'yan iska ne," in ji shi. "'Yan iska masu ƙafa biyu, masu warin giya."

Maud kuwa, da zarar an ce zobe ya fito, sai ta cika fulas da shayi, ta naɗe burodi da cuku, ta ɗauki bargo. Ba ta kaɗa ganga, ba ta riƙe sandar kowa. Shiga take yi ta zauna a tsakiya ta yi shiru. Ta ce a cikin zobe iska daban take, kuma ciwon kafaɗarta yakan lafa.

"Zo ka zauna sau ɗaya, sarkin taurin kai. Ba za a ɗauke ka sama ba, ka yi musu nauyi."

"In zauna a kan abincin mutane? Tsohuwa, ki je ki dawo, ki gaishe mini da 'yan tauraro."

Haka suke yi kowace shekara, ba ya shiga, ba ta fasa. Yana raka ta har bakin gona, ya riƙe mata ƙofar shinge, ya tsaya a waje yana gunaguni har ta fito. Wanda bai san su ba sai ya ce faɗa suke, alhali gishirin zamansu ke nan.

Ranar da jarida ta buga labarin wasu tsofaffi biyu daga gundumar da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda suka ce su ne suka fara abin tun da daɗewa da katako da igiya don su yi wa duniya dariya, Cyril da gudu ya shigo gida kamar an yi masa albishir. Ya shimfiɗa jaridar a kan tebur.

"Ga 'yan tauraronki nan. Ɗaya ma har da sanƙo."

Maud ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe, ta ce, "Allah sarki, sun sha wahala." Ta ninke jaridar ta shimfiɗa a ƙarƙashin bokitin gawayi. Da bazara ta zagayo ta cika fulas ɗinta.

A garinmu kowa ya san wanda ake zargi, ba a dai faɗa. Percy Tuck mai baibaya, siriri mai idon ɓera, wanda ya san kara kamar yunwar cikinsa. Duk safiyar da zobe ya fito, Percy ba ya hawa rufin kowa, wai bayansa ke ciwo. Wata rana a mashaya Cyril ya ce duk ranar da ya kama mai yin wannan ta'asa, da injin girbi zai bi ta kansa, kuma da yake faɗa idonsa na kan Percy. Percy ya ɗaga kofi ya ce, "Sai ka bar mini tukku, mutumina." Aka fashe da dariya. Daga ranar, gaisuwa ma sai da kai.

Kowane biki da ranar tashinsa. Manoma suka gaji da baƙi masu barin ƙofa a buɗe, suka fara aske zobe tun da sassafe kafin labari ya bazu. Masu yi suka tsufa, wasu suka koma wasu garuruwa inda ake ɗaukar hoton zobe daga jirgin sama. Baƙi suka bi su. Tsoho Pocock ya rasu, 'yarsa Hilary ta gaji gonar. Cyril ya sauka daga tarakta ya koma noman wake a bayan gida. Gonar tudu ta yi shekaru ba a taɓa mata kara ɗaya ba, kuma in gaskiya za a bi, hakan ya yi masa daɗi.

Sai Maud ta kwanta. Likita ya ja Cyril gefe a bakin ƙofa ya gaya masa abin da ya riga ya gani da idonsa, cewa da wuya ta ga girbin bana. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Ta sa aka juya mata gado ya fuskanci taga, ta wuni tana kallon alkama tana kaɗawa a kan tudu, koriya shar.

Wata yamma yana ba ta romo a cokali ta ce, "Sun manta da mu, Cyril."

"Su wa?"

"Ka san su wa. Da dai zan ƙara ganin zobe guda ɗaya. Ko ƙarami ne."

Ya ajiye cokalin. Ya fita bayan gida ya tsaya cikin wakensa ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti. Tsoro biyu ne suka kama shi. Kada ta tafi da wannan buri a ranta. Kada kuma ya yi mata zobe da hannunsa ta gane, ya zama shi da kansa ya fasa mata abin da ta riƙe shekara da shekaru.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da safe ya sa rigar zuwa coci ya buga ƙofar Percy. Percy ya leƙo da sanda, gwiwa ta riga ta ci amanarsa.

"Lafiya? Ka zo da injin ne?"

"Percy, koya mini za ka yi."

"In koya maka me? Ni baibaya na iya."

"Maud ce. Ba za ta kai girbi ba."

Percy ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya juya ya shiga rumfar kayansa, aka ji yana ture-ture yana tsaki, ya fito da wani guntun katako da ya sha hannu har ya yi sheƙi, an huda bakinsa biyu an zura igiya.

"Ban taɓa ganin wannan abu ba," in ji shi. "Ban san wanda ya ajiye mini shi ba. Amma na ji an ce ƙafa ake ɗorawa a kai."

Saura mai gona. Hilary na cikin garejin tarakta da maiƙo har gwiwar hannu sa'ad da ya gaya mata. Ta ajiye sifana.

"Baba Cyril, kai? Kai da ka murɗe mini kunne saboda zangarniya ɗaya?"

"Ni ɗin dai, 'yata. Abin da ya lalace ki ɗora a kaina."

"Kada ka ƙara faɗar wannan. Ni ban ji ba, ban gani ba. Ƙofar shinge ta gabas ma kullum mantawa nake in kulle."

A tsakiyar bazara darenmu bai da tsawo. Gari na fara yin fari-fari Cyril da Percy suka shiga gonar tudu ta hanyar da tayar tarakta ke bari, inda ƙafa ba ta nuna sawu. Cyril ya yi tsaki da ya gane haka. Shekara da shekaru shi ke share wa ɓarawo hanya. Percy ya tsaya a inda zai zama tsakiya ya riƙe bakin doguwar igiya, tunda gwiwarsa ba ta tafiya, ya ce yau shi ne turke. Cyril ya kama ɗaya bakin, ya ɗora ƙafa a kan katako.

Ya kasa takawa. Alkama ce a gabansa, cike da raɓa, ta kai masa ƙugu.

"Taka mana, tsohon banza, rana za ta tona mu. Ba karya ta za ka yi ba, kwantar da ita za ka yi. A hankali, kamar kana shafa kan jariri."

Ya taka. Karan suka sunkuya da ɗan sauti kamar numfashi. Ya ɗaga, ya matsa, ya sake takawa, yana cewa "Yi haƙuri, yi haƙuri" a ƙasan maƙoshi. Da tafiya ta yi tafiya hannunsa ya faɗa, don mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jan layin garma ba a koya masa bin igiya. Ya kusa haɗe bakin zoben ke nan sai ya tsaya cak. Ga makwarwa a gindin kara, daidai kan layi, ta lafe a kan ƙwanta tana kallonsa da ido ɗaya.

"Me kuma?" in ji Percy daga tsakiya.

"Akwai mai gida."

"Kore ta. Zobe ba ya son giɓi, duk wanda ya gani zai san hannu ne."

Cyril bai ma tsaya shawara ba, ƙafarsa ce ta yanke hukunci. Ya saki igiya, ya shigo ciki, ya kewaye ta da tazara mai kyau, ya koma kan layi. Percy ya dafe kai.

"Ka kashe ni. Tunda nake ban taɓa ganin zobe da cizo a gefe ba."

"Ai ka ce baibaya kaɗai ka iya."

Suka cike cikin, suka fito jiƙe sharkaf. Sai da Cyril ya waiwaya daga bakin shinge sannan ya ga abin da ya yi. Zobe ya yi kyau, amma ga tukku nan tsaye a gefensa, ko makaho ya shafa ya san na wane ne. Ya yi tunanin komawa ya kwantar da shi. Ya tsaya, ya tsaya, ya ga ba zai iya ba. Ya tafi gida ya ɓoye takalmansa a cikin wake, ya ɗora ruwan shayi.

"Cyril." Muryarta ce daga ɗaki, siririya. "Zo ka gani."

Ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Rana ta faɗo a kan tudu, zoben yana ƙyalli. Ba ta dubi Cyril ba, ta ce, "Ɗauko fulas."

Hilary ce ta kai ta a motar gona, a hankali, ta hanyar tarakta. Labari ya riga ya fita, don irin wannan ba ya kwana. Baƙi kaɗan sun iso, tsofaffin hannu, gashin da muka sani baƙi duk ya yi fari. Wata mata ta rungume Maud tana hawaye, ta ce ta zaci an daina. Suna ta zagaya giɓin daga nesa cikin ladabi, wani ya ce ƙofa ce, wani ya ce alamar wata ne ya fara cin rana. Cyril ya ɗauko Maud kamar ɗaurin kara ya ajiye ta a kan bargo a tsakiya, ya juya zai koma bakin shinge inda ya saba tsayawa. Ta riƙe masa hannun riga.

"To, sarkin taurin kai. Wannan ma 'yan iska ne masu warin giya?"

Ga maganar da ya shekara talatin yana cin ta da ita, yau an miƙo masa a faranti. Ya dubi ƙasa.

"Wannan kam... ban sani ba, Maud. Mai yiwuwa ke ce da gaskiya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da ya dafa mata baya.

"Tunda muke ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, ashe don ba ka iya ba ne. Dubi kunnenka yadda ya yi ja."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage. Ya ce, "Na ɓata miki. Yafe mini. Na so ya zama irin naki."

"Irin nawa wane iri? Ka taɓa ji na ce daga sama suke? Kai ne kake faɗa, kai kake ba kanka amsa. Tun zobe na biyu na ga ƙaiƙayi a gashin Percy a layin burodi." Ta numfasa. "Abin da ke kawo ni, a ce wani ya hana kansa barci ya yi abu mai kyau haka, ya bar wa kowa, bai ce a gode masa ba, bai sa sunansa ba. In na zauna a ciki sai in ji duniya ba ta lalace duka ba. Shi ke nan fa."

Ta ɗaga yatsa ta nuna tukkun.

"Amma kai ka sa hannu. Tun daga taga na karanta. Duk zobban da na shiga na kowa ne, wannan ne kaɗai nawa. Zauna, Cyril."

Ya dubi alkamar da ke kwance. Sannan ya cire hula ya zauna a kanta, gwiwoyinsa suna ƙara. Ta zuba masa shayi a murfin fulas, rabi ya zube a bargo. Suka zauna har rana ta yi zafi.

"Yaya ka ji iskar?" in ji ta.

"Ɗuwawuna ya jiƙe."

"Allah ya shirye ka," ta ce, ta jingina da kafaɗarsa.

Likita bai yi ƙarya ba. Maud ta rasu alkama na fara yin ja. Percy na cikin waɗanda suka raka ta, da sandarsa, kuma daga makabarta shi ya ja Cyril mashaya ya zaunar da shi kusa da shi.

Da girbi ya zo, Cyril ya roƙi Hilary ta bar shi ya hau inji sau ɗaya, gonar tudu kawai. Ta hau ta zauna a gefensa don sabon injin ya fi shi wayo. Ya sauke bakin injin ƙasa-ƙasa ya ɗago alkamar zoben, kusan duka ta taso, don wanda ya kwantar da ita bai karya ta ba. Da suka zo kan tukkun sai ya karkata sitiyari ya kewaye shi.

Hilary ta ce, "Baba Cyril, ai ta ƙyanƙyashe tuntuni. Babu kowa a ciki."

"Na sani," in ji shi, ya ci gaba da yankansa.